Kundin aiki: kiɗan Shaihu Umar don 'yan badujalar makarantarmu a Birnin Kebbi

Asabar, 14 ga Disamba, 2024

Yara sun tafi hutu, na samu sarari na buɗe sito na ƙirga kayan badujala. Begila biyu. Taramfet uku, ɗaya bawul ɗinsa na tsakiya ya ƙage. Kilarinet biyu na roba, saksofon alto ɗaya, turombon ɗaya da ƙarfen riƙonsa ya ɓalle, yufoniyom ɗaya mai lotsattsen baki, sarewar roba takwas, babbar ganga da ƙanana uku. Iyakar dukiyar ke nan. Da ita muke fita fareti ranar 1 ga Oktoba da ranar yara ta 27 ga Mayu, mu busa taken ƙasa da maci biyu-uku da yara suka haddace daga na gaba da su.

Niyyata kafin azumi in rubuta musu kiɗan da ba na taka ƙafa ba, na a zauna a saurara, kamar minti bakwai, a kan littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Baturen nan Rupert East ya shirya a 1933. Labarin tafiya ne da rabuwa: an sace Umar yana yaro, uwa ta bi sawunsa har Tarabulus ta Libiya, ga ayari, ga Sahara. Irin wannan busa tana iya faɗarsa ba sai an buɗe baki ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne ban taɓa sanin wa zai zo atisaye ba. Yau mutum ashirin, jibi bakwai, kuma bakwai ɗin ba lalle su ne na makon jiya ba. Saboda haka ba zan rubuta "wannan na taramfet, wannan na kilarinet" ba. Murya biyar zan yi da ganguna, daga ta ɗaya mai tsini zuwa ta biyar mai kauri, kowace murya duk abin busan da muryarsa ta kai wurin ya ɗauka. Mutum biyar su iya, mutum talatin su iya. Ba ni na ƙago tsarin ba. A Japan sun daɗe suna rubuta irinsa saboda ɗaliban makarantunsu suna raguwa, kuma a 2020 da korona ta hana taruwa mawallafan kiɗa na Amurka suka rungume shi gadan-gadan. Mu nan ba annoba ce ta rage mu ba, haka muke tun fil azal.

Lahadi, 22 ga Disamba

Babi huɗu. Na ɗaya Rauta, inda Shaihu yake zaune da almajiransa suna tambayarsa asalinsa. Na biyu Kagara, fada da makircin da ya sa aka kori Makau, mijin uwarsa. Na uku uwar. Na huɗu hamada da guguwar da ta binne ayari.

Begila ce ta yanke min hukuncin sautukan da zan yi aiki da su. Ba ta da bawul, sautinta biyar ne kacal, do, so, do, mi, so, a kan B♭. In ana so yaran begila su shiga, dole gidan kiɗan ya zama B♭. Na ƙara re da la a kan abin da take da shi, suka zama do re mi so la, wato B♭, C, D, F, G. Tsanin nan mai hawa biyar kusan shi ne kunnenmu ya saba da shi a waƙoƙin gida, kuma in na mayar da la ta zama mazauni, ga kiɗan baƙin ciki na babi na uku ba tare da na ƙara ko sauti ɗaya ba. Yaro ya koyi yatsu biyar, ya gama da duka babi huɗu.

Litinin, 30 ga Disamba

Babin Rauta ya kammala a MuseScore, manhajar rubuta kiɗa. Wuta sai tsakar dare take zuwa, sai in tashi in yi. Gida 48, wato ƙananan gaɓoɓin da ake ƙirga kiɗa da su, a hankali.

Laraba, 8 ga Janairu, 2025

An dawo makaranta. Yau na ga ainihin wahalar wannan tsari, kuma ba a kiɗan take ba, a takarda take.

Sauti ɗaya ne, amma kowa da yadda ake rubuta masa shi. In ina son a ji B♭, mai sarewa B♭ zan rubuta masa, mai taramfet da mai kilarinet C, mai saksofon alto kuwa G. To kowace murya sai ta fito kala uku ko huɗu. Ba a nan ta tsaya ba: yawancin yarana ba sa karanta layuka biyar ɗin nan da ake rubuta kiɗa a kai, do-re-mi suka iya, don haka ƙarƙashin kowane ɗigo sai na liƙa harafinsa. Manhajar tana juya rubutun da kanta, amma ba ta san cewa yaron da ya fara kilarinet bara ba zai iya tsallakawa daga A zuwa C ta sama da gudu ba, inda sai ya toshe kusan duk ramuka a lokaci guda ya danna maɓallin babban yatsa. Wannan ni zan zauna in bi gida-gida in saukar da duk abin da ya haura.

Na kai shagon buga takardu. Kwamfutarsu ba ta da manhajar, sai da na koma gida na mayar da komai PDF. Shafi 22 na babi ɗaya kawai, da kwafe-kwafe, N3,400.

Asabar, 11 ga Janairu

Atisaye na farko da baƙi. Baba Saje ya zo, tsohon soja ne da ya yi aikinsa a badujalar bariki, yanzu yana zaune a unguwarmu, kuma shi ne kaɗai a cikinmu da ke karanta takarda kamar jarida. Samari uku 'yan Birged na wata coci su ma sun zo da kayansu, biyu 'yan asalin Zuru ne, ɗaya da turombon, biyu da konet. Nan ma wata sabuwa ta ɓullo: mai turombon ɗinsu a kilef na sama ya koyi karatu (kilef alama ce da ke nuna sautin kowane layi), irin na badujalar tagulla ta Ingila, Baba Saje kuwa a na ƙasa. Ƙarin takarda ke nan.

Muka busa babin Rauta daga farko har ƙarshe. Ya zauna daidai, ba wanda ya ɓata. Sai na ga samarin Birged suna kallon juna suna murmushi. Baba Saje ya ajiye yufoniyom a cinya ya ce, "Malam, wanga kiɗi na da daɗi, amma na coci na. In ka ruhe ido sai ka ce Lahadi ta. Kuma ina gindi nai?"

Samarin suka ce wallahi abin da ke bakinsu ke nan. Muryoyin suna tafiya tare ne kafaɗa da kafaɗa, do-mi-so a jere, kowa na motsawa lokacin da ɗan'uwansa ya motsa, kuma wannan shi ne ginin waƙar coci. Malami da almajirai a zaure ba haka suke ba. Ɗaya ya faɗa, saura su karɓa. Makaɗan fada ma haka: akwai gindin waƙa da ake komawa gare shi, akwai ɗiya da jagora ke kawowa, 'yan amshi su karɓe kafin ya sauke numfashi.

Zan rushe babin in sake gini. Gindi mai gida huɗu wanda kowa zai busa da murya ɗaya, na sama da na ƙasa. Ɗiya uku, kowane a bakin murya daban. Inda za a haɗa sauti biyu, do da so, ba mi a tsakani.

Laraba, 15 ga Janairu

Mai gyaran lagireto ya liƙe ƙarfen turombon da dalma, N1,500. Na tsaya a kansa don kada wuta ta kai ga sandar ja. Bawul ɗin taramfet ya kwana cikin kananzir, ya saki. Man bawul kwalba biyu, an kawo min daga Sakkwato, N5,000.

Asabar, 18 ga Janairu

Hunturu ya hana mu sakat. Ƙarfe bakwai na safe muka taru, hazo ya rufe har ba a ganin ƙarshen filin ƙwallo. Abin busa in ya yi sanyi sautinsa sauka yake, in ya ɗumama ya hau, kuma ba tare suke ɗumama ba: taramfet minti kaɗan ya ishe shi, yufoniyom da yake ƙato yana can baya. Sai ka daidaita su, bayan kwata ɗaya sun rabu. Belin kilarinet kuma, ɗan siririn karan da ke bakinta, bushewa yake tun yaro na ƙirga gidajen hutunsa, in ya zo shiga sai ƙara kamar an taka ɗan tsako. Leɓunan yara biyu sun tsage.

Na mayar da atisaye bayan la'asar. Kowane mai beli ya zo da ɗan kofi da ruwa ya ajiye a gefen ƙafa. Man kaɗe a leɓe da dare, ba lokacin busa ba. Beli sabo kwali ɗaya na masu araha N9,000, huɗu daga cikin goman ba su da amfani tun a kwali.

Sabon Rauta ya fi. Baba Saje bai ce komai ba, amma na ga ƙafarsa tana bin gindin.

Asabar, 25 ga Janairu

Kagara. A nan begila ke sarauta. Kakaki nake so a ji, amma kakaki ba abin da za a ɗauko daga ƙofar fada a kawo makaranta ba ne, don haka begila biyu ke tsayawa a madadinsa, do da so kawai, gajere da dogo, ɗaya a gabas ɗin fili ɗaya a yamma suna amsa wa juna. In babu begila, taramfet ya busa ba tare da ya taɓa bawul ba, daidai yake fita. Na yi hattara kada abin ya yi kama da taken wani sarki mai rai ko wanda ya rasu. Garin nan hedikwatar masarautar Gwandu ce, akwai kunnuwan da za su gane, kuma ba na son a ce mun busa taken sarki a babin makirci. Na sa Baba Saje ya saurara da wannan niyyar, ya ce ba na kowa ba ne.

Makircin kansa muryoyi na uku da na huɗu ke yinsa, ƙasa-ƙasa, gutsattsarin sauti suna miƙa wa juna, suna ƙaruwa har su rufe muryar Makau da ke ta biyu. Yara sun fi son wannan babi, don akwai gudu kuma ganguna suna sakin jiki.

Laraba, 29 ga Janairu

Yaron yufoniyom ba zai ƙara zuwa da yamma ba sai an gama dashen shinkafa. Mahaifinsa na da fili a fadama, noman rani ya kankama, kuma ba ni da bakin cewa a bar shinkafa a zo busa. Biyu daga masu sarewa ma haka.

Ga ranar da aka yi tsarin dominta. Na miƙa murya ta biyar ga mai turombon, ta huɗu ta koma wa saksofon, ta uku taramfet ɗin da aka gyara. Kiɗa ya tashi, ba rami. Sai dai nauyinsa ya sauya: taramfet a murya ta uku ya danne sarewa shida da ke ta ɗaya, gaba ɗaya. Takarda ta ce a busa a hankali, amma a hankalin taramfet ya fi ƙarfin sarewar roba. Na sa shi ya juya bakin wajen bango, na matso da masu sarewa gaba. A uwar takarda zan ƙara gargaɗi ga duk wanda zai jagoranta: in sarewa ce a sama, kada tagulla mai tsini ta shiga tsakiya, gara a bar murya ta uku ba kowa. Wannan ya tilasta min duba ko kowane babi zai tsaya da murya huɗu. Rauta da Kagara sun tsaya bayan na kwafe shigar ta uku da ƙananan ɗigo a takardar ta biyu.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Babin uwa. Tun Disamba na san abin da zan gina shi a kai: sauti uku, ƙasa, sama, ƙasa, yadda ake kiran Umaru daga nesa a ja ƙarshen. Na ba murya ta biyu, wadda ita ce uwar, ta yi ta maimaitawa, kowane karo daga wani hawa, Kano, hamada, har Tarabulus.

Da na bayyana wa yara, yarinyar da ke busa kilarinet, 'yar aji biyar, ta ɗaga hannu. "Malam, ba ɗan farinta ba ne? Ai uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari." Sauran suka yi dariya, Baba Saje bai yi ba. Ya ce, "Ɗiyar ga ta yi gaskiya."

Na kwana ina juya maganar. Ni dai ban san matar da wani ɗa a labarin ba sai shi. Kuma ko ba don al'ada ba, abin da yarinyar ta kawo ya fi nawa ƙarfi a kiɗa. Yanzu uwar ba ta faɗin sautin uku. Tana farawa, ƙasa, sama, sai ta tsaya ta riƙe na saman har numfashi ya ƙare. Na ukun wasu muryoyi ne ke cika mata shi daga nesa, wani lokaci ta huɗu, wani lokaci ta biyar, a makare, wani lokaci ba mai cikawa. A wurin haɗuwarsu a Tarabulus murya ta ɗaya, wato Umaru, ita ke sauke sautin, ita kuma uwar ta yi shiru daga nan har ƙarshen babin, tunda a littafin ba ta daɗe ba bayan ganinsa ta rasu.

Akwai haɗari ɗaya: in wanda zai cika bai zo ba fa? Na rubuta cikon a muryoyi uku, na sa lamba, mai lamba ɗaya in yana nan shi ne, in ba ya nan mai biyu.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Kagara da Uwa, sau da yawa. Ba labari. Kwafe N2,800.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Wani yaro ya kawo kawunsa mai algaita daga wajen Argungu. Na daɗe ina son algaita ta buɗe babin hamada.

Dattijo ne mai fara'a, ya gaji busa daga mahaifinsa. Ya jiƙa beli a baki, ya kumbura kumatu, ya saki sauti ɗaya ya riƙe shi yana shaƙa ta hanci yana tura iskar da ya tara a kunci, bai yanke ba har yarana suka fara duban juna. Na ɗora manhajar awon sauti ta waya: mazauninsa na tsakanin A da B♭, bai kai wannan ba ya wuce wancan. Sauran hawansa ma ba su faɗa kan namu ba, kuma yana lanƙwasa su da leɓe yadda ya ga dama. Muka gwada tare. Ba daɗi ko kaɗan. Ƙararta ta rufe mu duka, inda kuma aka ji mu sai ka ce faɗa ake.

Na ce, "Kawu, ko za a iya ɗaga ta kaɗan?" Ya dube ni ya ce, "Malam, ita haka uban nawa ya bar min ita. Ku da ke da ƙarfuna masu ja da turawa, ku ku zo."

Muka je. Turombon ya fi kowa sauƙi, ya ɗan zaro sandarsa ya sauka ya same shi. Baba Saje ya zaro bututun daidaitawa na yufoniyom shi ma ya sauka. Su biyu suka riƙe sauti ɗaya dogo a ƙasa, suna karɓar numfashi bi da bi, babbar ganga na tafiyar raƙumi, algaita ta yi yawonta a sama ba ƙirga ba takarda. Nan ne ya yi kyau, har masu gadi suka leƙo. Sauran badujala ba sa shiga sai ya sauke, a bar ganguna su kaɗai gida huɗu, kunne ya manta, masu bututu su mayar da shi wurinsa, sannan a dawo B♭.

A takarda wurin zai zama: in akwai algaita, ta yi abin da ta saba, masu murya ta biyar su bi ta. In babu, ga layi na rubuta wa saksofon ko kilarinet. Ban yi ƙoƙarin kwaikwayon abin da ya busa ba, ba zai rubutu ba.

Kuɗin mota da goro, N7,000.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Guguwa. Kowa ya hura iska cikin abin busansa ba tare da sauti ya fita ba, masu bawul su riƙa kaɗa su, masu ƙananan ganguna su murza tafin hannu a kan fata. Daga nan kowa ya ɗauki ɗan guntun da na ba shi ya yi ta maimaitawa da saurin da ya ga dama, ana ƙara ƙarfi har in sauke hannu. Rabin lokacin dariya ta cinye. Da mutum goma sha biyar abin yana tayar da tsikar jiki, da shida kuwa sai ka ce tayar keke ke sacewa. Ga ƙaramin taro na ƙara robar ruwa da tsakuwa a ciki, duk wanda bakinsa ba ya aiki ya girgiza.

Bayan guguwa murya ɗaya ce ke saura, sannan gindin Rauta ya dawo, tunda can labarin ya ƙare.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Da gangan na raba su. Na sa mutum biyar kacal suka busa duka, sannan kowa da kowa, sannan tagulla zalla ba sarewa ba kilarinet. Duka uku sun kai ƙarshe. Minti bakwai da rabi. Mutum biyar ɗin sun gaji ainun, musamman mai murya ta ɗaya, leɓensa ya mutu kafin hamada, don ba inda yake hutawa. Murya ta huɗu kuma ta fi kowace gundura, dogayen sautuka kawai, yaron da ke kanta har hamma yake.

Abin da ya fita daga aljihu zuwa yau N28,700, ban da fetur ɗin babur. Shugaban makaranta ya ce a rubuto, za a duba.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Mun busa a taron rufe zango, ƙarƙashin bishiyoyin dogonyaro, mutum goma sha huɗu. Yaron yufoniyom ya dawo, Baba Saje ya bar masa ya koma gefe ya zauna. Mai algaita bai samu zuwa ba, saksofon ya tsaya masa. Kafin kowane babi wata ɗaliba ta faɗi labarinsa a jimla biyu-uku, wanda ya taimaka, don ƙananan aji ba su karanta littafin ba. Begila ta yamma ta makara a Kagara, iska ta kwashe takardar mai turombon a tsakiyar Uwa ya ƙarasa da ka. A guguwa 'yan aji ɗaya sun yi dariya, daga baya suka yi tsit. Malamin Hausa ya nemi a sake yi wa 'yan ajinsa su kaɗai.

Gobe za a duba wata, busa ta tsaya sai bayan salla. A cikin azumi aikin tebur zan yi: in ba murya ta ɗaya hutun gida takwas a Kagara da takwas a Uwa, in ba ta huɗu ɗiya guda a Rauta, in fitar da takardun wasu kayan busa biyu, ho mai F da tuba, ko da wata makaranta za ta nema. Samarin Birged sun ce a ba su kwafi su gwada da tagulla zalla a Zuru lokacin Ista. Sai kuma a sayo maƙalan shanya, dozin biyu, saboda iska.